Ba Tsargiya Ba Ce

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Baba, mahaifin maigidana, ya riga mu komawa ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa mai kallon tabkin Madarumfa. Ranar sadakar uku ina zaune bakin murhu ina tsince shinkafa, ina jin kowa na faɗin albarkacin bakinsa a kan mutuwar.

Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta taso daga Gabi tun ranar rasuwar, ta ce allurar Yamai ce ta kashe shi. Ta faɗa wa matan da suka shigo da safe, ta maimaita wa waɗanda suka shigo da azahar, kuma kowane karo allurar na ƙara tsawo. Ta ce mutum da ƙafarsa aka kwantar da shi aka gutsuro masa ƙoda, shekara huɗu raunin na cin sa ta ciki. Mata na gyaɗa kai suna neman tsari da hannun likita. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita abin da ya sanyaya mata rai shi ne bai san tafiyar ta zo ba, Allah ya ɗauke shi ba zato ba tsammani, bai sha zullumi ba. A ƙofar gida masunta sun jeru bisa tabarmi, ɗayansu ya share ido ya ce daga yau sai dai su yi ta kwarfe ruwa da ƙwarya, don duk bakin tabkin nan babu mai toshe jirgi kamarsa. Maigidana, direba ne mai jigila tsakanin Maraɗi da bakin iyaka, yana gefe yana amsa gaisuwa, idonsa a ƙasa.

Ni ban sa baki ba. Suruka a gidan makoki aikinta tukunya. Amma shinkafar da na tsince ran nan da tsakuwarta aka ci ta, don hankalina ba ya kanta. Gwaggo ba ta faɗi daidai ba, tsohuwar ma ba ta faɗi daidai ba, kuma duk gidan ni kaɗai na san haka. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na so a tuna da Baba a matsayin tsohon da allura ta kashe, kuma gaskiyar maganar da hannuna a ciki.

Ba zan rubuta sunansa ba. Shekara goma sha tara ina gidansa bai taɓa fita daga bakina ba, ba yau zan fara ba.

Sana'arsa gyaran kwale-kwale. Yana da wurin zama a ƙarƙashin wata bishiya a bakin tabki, da gizago, da guduma, da ƙullin auduga, da wani baƙin gwangwani da yake narka gudoro a ciki, kwaltar nan ta hanya. In aka kawo masa jirgi mai yoyo ba ya tambayar mai shi ta ina ruwa ke shiga, don ya ce mai jirgi kullum inda ruwa ya taru yake nunawa. Sai ya sa a ɗora jirgin bisa duwatsu ya bushe, ya jiƙa bular wanki a bokiti, ya tuttula a ciki, ya tsuguna daga ƙasa yana jira. Wani lokaci ya yi rabin yini a tsugune. Inda shuɗin ya fara tsatsowa, nan zai sa yatsa, ya cusa auduga da bakin wuƙa, ya bi da gudoro kaɗan. Mata na yi masa tsiya cewa ya fi su kashe bula, shi da rigarsa ba ta taɓa ganin ta ba.

Ya taɓa yin damina guda bai yi wa wani amininsa masunci magana ba, saboda aminin ya gaji da jira ya shafe cikin jirginsa kaf da gudoro. Baba ya ce wannan ɓoye rami ne, ramin na nan yana jiran tsakiyar tabki. Da jirgin ya nutse da kifin yini guda, aminin ya iyo ya fito da wandonsa kawai. Baba ya dai aika masa da bokiti da ƙullin bula. Har yau mutumin in ya tuna sai ya yi dariya ya yi tsaki tare.

Kuma duk zamansa bakin ruwa, kifi ba ya cinsa. Ya ce ya san abin da kifi ke ci.

Ni 'yar birnin Maraɗi ce, malamar lakwal, wato makarantar boko, aure ya kawo ni nan. Matan gida suka sa mini Madam, kuma ba don girmamawa ba. Dakana ba ya laushi, tuwona na gudaji, in na yi magana su ce na yi faransanci ko da Hausa na yi. Watannin farko na sha kuka a bayan ɗaki. Baba kuwa, kamar yadda ya kamata tsakanin suruki da matar ɗansa, bai taɓa duban fuskata ba, ban taɓa duban tasa ba. In ya shigo na kauce, in na kai abinci na durƙusa daga ƙofa na tura. Wata safiya na fito na tarar da 'yar kujera a ƙofar ɗakina, an sassaƙa ta da katakon tsohon jirgi, tsayinta daidai murhuna. Babu wanda ya ce ga wanda ya ajiye ta. Ƙanshin gudoro ne ya faɗa mini.

Bayan rasuwar Inna, matarsa, babu mai isar masa da saƙo cikin gida, sai ya samo dabara. Akwai akuya ɗaure kusa da ɗakinsa kullum. In yana son wani abu sai ya dube ta ya ɗaga murya: akuya, gaya wa masu gida ruwan alwala ya ƙare. Akuya, gaya wa masu gida miyar jiya ta yi daɗi. Ni kuma in amsa daga madafa cewa akuya ta isar. An canza akuya ta kai huɗu a shekarun nan, aikinsu bai canza ba. Shi kaɗai yake cin abincinsa, shi kaɗai yake jin rediyonsa, kuma na sha leƙowa na gan shi yana yi wa akuyar hira ta gaske, ba saƙo ba.

Ciwon da kumburi ya fara. Ƙafafu, sannan fuska da safe. Aka yi na gida bai ji ba, aka kai shi Maraɗi, aka yi analiz, wato gwaje-gwajen asibiti, iri-iri, suka ce ƙoda ce, kuma sai a Yamai za a gane irin ciwon. Maigidana bai yi lakwal ba, ƙanensa ma haka, don haka aka ce Madam ta shirya ta yi tafinta. Ranar ce faransancina ya fara yin daraja a gidan.

Lokotoron da muka samu, wato likitan, mutumin kirki ne, amma Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Ya ce ciwon ƙoda iri-iri ne, maganin wani ba ya yi wa wani, sai an ɗebo ɗan tsokar ƙodar kamar silin zare an duba. Aka kwantar da Baba rubda ciki, aka kashe wurin da allura, aka soka wata doguwa ta baya ana kallon hanyarta a na'urar eko mai haska cikin mutum. Ba a daɗe ba aka gama. Ya kwana rigingine ba motsi, ana auna tansiyonsa don gudun hawan jini ko faɗuwarsa, komai lafiya. Ranar sallama maigidana ya fita sayen magani, saura ni da Baba da lokotoro a ɗaki.

Lokotoro ya lissafa da yatsunsa. Kada ya ɗaga abu mai nauyi sati biyu. Kada ya sha maganin ciwon jiki na 'yan tebur. In kuma ya ga jini a fitsarinsa, ko gudan jini, ko fitsarin ya ƙi fita, a garzaya asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira gobe.

Na farko na faɗa. Na biyu na faɗa. Na uku ne ya gagare ni. Ni da ban taɓa cewa ko wanka a gabansa ba, yau in ce fitsari? Sai wata kalma ta faɗo mini, har na ji daɗin wayona. A littafin da muke koya wa yara, tsargiya ita ce jini a fitsari. Kalma ɗaya ta ɗauki duka biyun ba tare da na ambaci ko ɗaya ba. Na dubi ƙasa na ce, “Baba, ya ce in ka ga alamar tsargiya, a koma asibiti.”

Ya ce to.

Ni a littafi na san tsargiya. Shi a jikinsa ya san ta, kamar duk wanda ya tashi yana iyo a tabkin nan. Ya san ɗigo ne biyu ko uku a ƙarshe, da raɗaɗi kamar an zuba barkono. Abin da ya gani kwana shida bayan mun dawo gida bai yi kama da wannan ba ko kaɗan. Ja ne wur tun daga farko har ƙarshe, kamar zoɓo, babu raɗaɗi, da gudaji kamar hanta. Ya duba da kyau, irin duban da yake yi wa jirgi, ya ga ba tsargiya ba ce, don haka ba abin da lokotoro ya ce a koma dominsa ba ne. Ya ɗauka mataccen jinin allura ne ke fita, irin wanda wanzami ke zuƙewa da ƙaho. Kuma ko da ya so tambaya, wa zai tambaya? Ɗansa na kan hanya, kuma wannan ba saƙon da za a ba akuya ba ne.

Kwana huɗu ya yi haka. Na ga tafin hannunsa ya yi fari da na kai masa fura. Na ga yana dafa bango. Na ga ya daina shiga ban-ɗakin gida, yana ɗaukar buta ya yi nisa. Na ce a raina gajiyar hanya ce. Rana ta biyar, gari ya waye har rana ta ɗaga bai fito ba, sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: akuya, a kira min ɗana. Na leƙa na gan shi a ƙasa bakin ƙofa, ya riƙe mara, zufa na zuba. Gudan jini ya toshe hanya, tun jiya bai yi fitsari ba.

A Maraɗi aka sa masa roba, aka yi ta wanke mafitsarar da ruwa, jini na fita, ana ƙara masa wani. Maigidana ya ba da nasa, ƙanensa ya ba da nasa. Majo, shugaban masu jinyar ɗakin, Bahaushe ne, ba ya bukatar tafinta. Ya tambayi Baba tun yaushe. Baba ya ce kwana huɗu. Majo ya ajiye biro ya ce, ashe can Yamai ba su gaya maka in ka ga jini a fitsari ka zo ba?

Ina tsaye a ƙafar gado. Na ji kalmata ta dawo ta tsaya a gabana. Na ga Baba ya gane, na ga lokacin da ya gane. Ya dubi silin ya ce, “Sun hwaɗi. Ni na ƙi.”

Maigidana ya fita waje don kada ya ɗaga wa ubansa murya. Gwaggo, da ta biyo mu asibitin, ta ɗaga tata, ta ce taurin kansa tun suna yara haka yake. Majo ya yi masa faɗa kamar ƙaramin yaro. Ya karɓe duka bai ƙara kalma ba. Ni kuma na yi shiru. Kuskuren Yamai kunya ce ta jawo shi, ina iya yi wa kaina uzuri. Shirun Maraɗi tsoro ne kawai, kuma har yau in na tuna shi ina jin ƙyamar kaina.

An ce mana irin wannan zubar sau da yawa tana tsayawa da kanta in mutum ya kwanta ya natsu. Ta Baba ta ƙi. Kwana uku ana ƙari tana zuba. Suka duba da eko suka ga wani abu a ƙodar, suka kira Yamai, aka sa mu a ambilas. Duk tsawon hanyar nan ina riƙe da ledar ruwa, ina kallon robar da ke ƙasa tana cika da ja, ban iya duban fuskarsa ba, wannan karon ba don al'ada ba.

Lokotoronmu ya tarbe mu, tare da wani abokin aikinsa mai aiki da hoton jijiyoyi. Suka zana mini a takarda. Allurar ta taɓa wata 'yar jijiyar jini a cikin ƙodar, abin da kan faru ko hannu ya ƙware. Bangon jijiyar ya yi rauni ya kumbura, kamar tayar keke in ta yi ƙulu, daga baya ya fashe cikin hanyar fitsari. Hanya biyu ce. Ko a yanka a cire ƙodar, alhali ɗayar ma ba lafiya gare ta ba, ko a bi ta cikin jijiya a toshe ramin daga ciki. Za a aske gindin cinyarsa, a huda babbar jijiyar wurin, a zura siririn bututu ya hau har ƙodar. Kuma idonsa biyu za a yi, sai ya ji ya yarda.

Na juya wajen gado. Na ce, “Baba, ya ce za a bi ta… ta wajen ƙafa.”

Sai ya juyo da kansa ya dube ni. Shekara goma sha biyar ke nan a lokacin, ban taɓa sanin ƙwayar idonsa ruwan ƙasa ce ba.

“Ɗiyata,” ya ce, “nan babu akuya. Hwaɗi yadda yac ce.”

Na faɗa. Na ce gindin cinya, na ce aski, na ce fitsari, na ce jini, na ce in ba a dace ba za a iya rasa wani yanki na ƙodar, ko ita duka. Maigidana ya juya baya don kunya, amma ban tsallake ko ɗaya ba. Da na gama Baba ya ce a bi ta ciki.

Da yake sai an riƙa ce masa ya riƙe numfashi ya saki, aka sa mini wata riga mai nauyin tsiya aka tsayar da ni wajen kansa. Ɗakin sanyi, ga allo a sama. Na ga bututun na hawa cikin jikinsa a hankali. Sai lokotoro ya ce a gaya masa zai ji ɗumi a kwiɓi, za a tura wani ruwa da ke fitowa a hoto. Na gaya masa. Nan take jijiyoyin ƙodar suka bayyana a allo kamar saiwar bishiya, kuma a can gefe, a wata 'yar saiwa, baƙin ya tsatso ya taru inda bai kamata ba.

Baba, da aka ce kada ya motsa, ya saki dariya. “Bula,” ya ce. “Wanga mutum bula ya zuba.”

Lokotoro ya tambayi abin da ya ce. Na yi masa bayanin jirgi da duwatsu da bokiti, ya yi dariya a bayan ƙyallen bakinsa ya ce a gaya wa tsoho sana'arsu ɗaya. Daga nan Baba ya zama mai duba aiki. Ya tambayi da me za a cusa. Aka ce wata 'yar waya ce mai laushi, ba ta kai gashi biyu kauri ba, in ta shiga sai ta nannaɗe a bakin ramin. Ya ce to audugar ke nan, ina gudoron? Lokotoro ya ce jininsa ne gudoron, shi zai daskare a jikin wayar ya liƙe wurin. Aka sake tura ruwan. Saiwoyi suka fito tsaf, wurin tsatson ya bushe. Ya ce a gaya wa mutumin bai shafe jirgin duka ba, ramin kaɗai ya nema, Allah ya yi masa albarka.

An danne gindin cinyar an ɗaure, ya yini ƙafarsa a miƙe. Washegari da na shigo, kafin in gaishe shi ya ce yau fitsarin kalar ruwan shayi ne. Kwana ɗaya bayan nan ya ce ya yi fari. Da bakinsa, a fuskata, kamar yana ba da labarin kasuwa.

Muka dawo gida da ƙodarsa biyu, da maganin da ya dace da ciwonsa, don ɗan tsokar nan da aka ɗebo ya nuna irinsa. Kumburin ya sauka. Kuma ranar da muka shigo gida ya dubi akuya ya ce ta gaya wa masu gida an hana shi gishiri. Haka muka koma. A gida akuya, a asibiti ido da ido. Duk bayan 'yan watanni in mun je a duba shi, kafin lokotoro ya rufe baki sai ya ce mini hwaɗi yadda yac ce, ni kuma in faɗa. Maganar tsargiya ba mu taɓa tayar da ita ba. Sau ɗaya na gwada. Na kai tuwo na durƙusa na ƙi tashi, na ce Baba, maganar nan ta ranar sallama. Ya dubi akuya ya ce ta gaya wa masu gida tuwo na hucewa.

Shekarun nan huɗu ba su yi masa daɗi sosai ba. Ƙarfin juya jirgi ya tafi, sai an juya masa, kuma masunta ba kullum suke da haƙurin jiran bula ba. Aminansa suka yi ta raguwa. Yakan tafi ƙarƙashin bishiyarsa ya zauna da gwangwanin da ba a hura wa wuta ba, har la'asar, ya dawo. Labarinsa kuma ya zaga gari a karkace. Wani maƙwabci da aka ce shi ma sai an ɗebi tsokar ƙodarsa ya ƙi zuwa, ya ce ya ga yadda aka yi da mai toshe jirgi. Baba ya dogara sanda ya je har zaurensa ya ce masa allura ta huda, gaskiya ne, kuma su ɗin ne suka toshe, in ya ga jini kowane iri ne ya koma a ranar. Gwaggo ta ji ta ce ya zama ɗan koren likitoci. Sun yi wata biyu ba sa gaisawa sai ta bakin maigidana.

Zuwanmu Yamai na ƙarshe, maigidana na wajen gyaran mota, muka sake zama mu uku kamar ranar sallamar nan. Lokotoro ya daɗe yana kallon takardun analiz. Ya ce mini ƙodojin sun gama, duka biyun, ciwon ne ya ci ƙarfin magani. Akwai wankin jini da na'ura, amma sai ya tare a birni, kuma zuciyarsa ta yi rauni, ba lallai ta ɗauka ba. In ba a yi ba, watanni ne. Sannan ya rage murya ya ce ba dole in gaya wa tsohon duka ba, ina iya sassautawa, in bar sauran ga 'ya'yansa.

Wallahi sassauƙar maganar na bakina a shirye. Ya ce a ci gaba da magani, a yi ta addu'a. Babu ƙarya a ciki, kamar yadda babu ƙarya a tsargiya. Na dubi Baba. Wannan karon bai ce mini komai ba, ya dai zuba mini ido yana jira.

Na ce, “Baba, ya ce ƙodojin sun gama aiki. Ya ce in ba a yi wankin jini ba watanni suka rage, ba shekara ba. Wankin ma ya ce zuciyarka ba lallai ta ɗauka ba.”

Ya yi salati a hankali. Ya tambaya ko allurar nan ce. Lokotoro ya ce a'a, ciwon ne tun na farko. Ya tambaya ko toshiyar na nan. Lokotoro ya ce tana nan daram, ko ɗigo ba ta saki ba. Na rantse sai da fuskarsa ta washe. Ya ce aikin kirki ke nan. Ya ce ba zai tare a birni ba, a mai da shi bakin tabki. Da muka fito baranda ya tsaya ya ce, “Kin yi tafinta yau. Amma wagga magana ki bar ta wurinki sai na tahi. Ban son a zauna ana kallona.”

Wata uku ya yi. Ya daina karɓar jirgi, masunta suka ce tsufa ya sa shi ƙyuya. Ya je Gabi da kansa ya yini wurin Gwaggo, ta ce ya ga kuskurensa ne ya zo biko. Ya ɗauki kujerata ya sake mata ƙafa ɗaya da ta fara girgiɗi, ya mayar ƙofar ɗakina. Ni kaɗai na san abin da yake yi, shi kaɗai ya san na sani, kuma a gida muke, don haka ko sau ɗaya ba mu yi maganar ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na watannin nan ba, sai na yanzu da ya fi shi.

Ranar sadakar uku da la'asar baƙi suka ragu. Saura Gwaggo a tabarma tana jan carbi, da maigidana da ƙanensa a bakin ɗakin Baba. Gwaggo ta nisa ta sake cewa allurar nan, allurar nan. Na ajiye tiren da ke hannuna. Akuyar na nan ɗaure inda take, kwana uku babu wanda ya ba ta saƙo. Na dube ta na ɗaga murya na ce, “Akuya, gaya wa masu gida…”

Duk suka juyo. Na ji abin da nake shirin yi, na ji kunyar kaina. Na bar akuyar na zo na durƙusa a gabansu, na dubi Gwaggo, na dubi maigidana. Na ce Baba bai ƙi komawa asibiti ba, ba a gaya masa ba ne. Lokotoro ya ce jini a fitsari, ni na ce tsargiya, don kunya. Ya ɗauki laifin a Maraɗi ina tsaye na ƙyale shi. Na ce allurar ta huda, an toshe, toshiyar da ita aka binne shi. Na ce kuma ya san ranarsa ta matso, wata uku yana sane, ni na gaya masa.

Gwaggo ta riƙe carbinta ba ta ja ba. Can ta ce, a hankali, ashe sallama ya zo yi mata, ita ko ruwa sai da ta ja masa rai kafin ta ba shi. Maigidana ya tashi ya fita, na hango shi ya nufi bakin tabki. Yau kwana arba'in da wani abu, yana cin abincina, yana gaishe ni, maganar bai taɓa ta ba, ban san ko zai taɓa ba. Gwaggo ta koma Gabi ba ta yi mini sallama ba. An dai ce mini ba ta ƙara ambaton allura ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa mini a nan. Ya Allah, duk inda aikinsa ke yoyo ka toshe masa da rahamarka. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a ko bai san sunansa ba, Mai karɓa ya sani.

Ƙanen mijina ya ce a sayar da akuyar, na ce a bar ta. Ni nake kai mata dusa da safe, in zauna kusa da ita a kan kujerata har ta cinye.